Man Gyaɗan Maƙerar Baba

Yau da safe kwalbar mai ta suɓuce mini. Na tsaya ina kallo ƙasa tana shanyewa, ko sunkuyawa na kasa. Sai Baba ya faɗo mini a rai.

Maƙeri ne a Batsari, zamanin Turawa, lokacin da garmar shanu ta shigo. In zai huda ƙarfenta, yakan ɗiga man gyaɗa kada abin hudar ya ƙone. Gwangwanin man yakan kafa shi cikin kaskon yashi, ya tara sakaina a ƙasa. Abin da ya tsiyaya sai ya tace da tsumma ya mayar. Har gobe ina jin ƙaurin nan, kamar ƙuliƙuli ya ƙone.

Ran nan na kai masa fura, zanina ya ja sakainar ta kife. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa yana dangwalar man da tsumma, ya ce, "Uwata, na ƙarshe ke nan da innarki ta matsa."

Wata bakwai da rasuwarta, yana ta juya man nan.

Allah ya jiƙansu, ya tara su inda babu abin da ke zubewa.