Garin Ƙarfe a Wuyan Illiya

Ban taɓa mantawa da ranar da Illiya mai gyaran moto, wato babur, ya gudu daga asibitinmu na Gazawa ba. Lokacin ni ne majo, wato shugaban masu jinya. Illiya ya zo da ƙullutu a wuya, likita ya duba ya ce a tura shi Maraɗi a yi masa hoto, don ana tsoron ciwon daji ne.

Likitan nan yaro ne mai son karatu, bai daɗe da dawowa daga wani taro ba. Muna buro, wato ofis, ina rubuta takardar turawa, ya shiga ba ni labarin wani bincike da ake yi a waje: garin ƙarfe wanda ido ba ya gani, a zuba shi a jini, ya taru inda ciwon yake, na'ura ta nuna wurin sarai, sannan a ɗumama shi da maganaɗisu ya kashe ciwon. Ashe Illiya na kan benci bakin ƙofa, yana jin komai. Da na fito, sai takalminsa ɗaya na tarar.

Da la'asar na same shi a garejinsa. Ya ce shi da yake wuni cikin kusoshi da maganaɗisu, in aka cika shi da ƙarfe, komai na garejin a wuyansa zai manne. Ga damina ta kama, aradu kuma ƙarfe take nema.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, abin nan ko a can gwaji ake yi, bai zo Nijar ba, ba wanda zai sa masa.

Ya ɓata rai.

"Wato akwai shi, ni ne ba za a ba?"

Na yi ta bayani har aka kira magariba, ya ce shi ya gane, majo, talaka ne ba a so ya samu. Washegari da kansa ya hau mota zuwa Maraɗi, wai zai tambayi manyan likitoci haƙƙinsa. Can suka riƙe shi suka yi hoton, aka tarar ciwon bai yi nisa ba, aka cire. Yana nan garau.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin masu jinya: mutanenmu ba magani suke ƙi ba. Abin da aka faɗa a kansu ba tare da su ba, shi suke gudu. Ku zaunar da mutum ku gaya masa a fuskarsa.