Dawar Da Muka Ci A Makokinka, Dakta Sufyan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 9 ga Disamba, 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Sufyan Na'Allah, ɗan Kurgu, malamin jami'a mai binciken tsirrai, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba. Ni Abdulganiyu, abokinsa tun muna korar tsuntsu a gonakin iyayenmu, nake rubuta wannan, kuma tsoro ne ya ɗora mini alƙalami.

Sufyan, kai ne ka fara gaya mana cewa ƙasarmu ta gaji. Shekara da shekaru muna ganin dawa tana tsayawa iya gwiwa, ganyenta ya yi ja-ja, muna cewa sammu ne ko ƙarancin ruwa. Ka durƙusa a gonata da fararen kaya, ka ce yunwa ce. Akwai wani sinadari, fosfaras, da ya yi ƙaranci a ƙasar, takin zamani kuwa ya fi ƙarfin talaka.

Ba zan manta yadda ka yi mana bayani a gindin ɗorawa ba. Ka ce idan yunwar ta kama shuka, ganye yakan ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni, ƙananan RNA, ya tura su ta jijiya har saiwa. A saiwa akwai wani abu mai taƙaita shan sinadarin, kamar mai gadin rijiya. Saƙon ne yake sa shi yin shiru, sai saiwa ta buɗe baki ta tsotsi ɗan abin da ya rage. Na tsokane ka, na ce ashe dawa ma tana da ɗan aike. Ka yi dariya ka ce, "Tana da shi, Abdu. Wata ɗan aikenta gudu shika yi, wata kau sai ya tsaya hira bisa hanya. Mai gudun nika biɗa."

Ka neme ta kuwa. Ka bi rumbunan Kende da Bahindi, ka tsallaka kasuwannin ƙasar Binin, kana roƙon tsofaffi zangarniya ɗaya-ɗaya. Duk damina ka shuka su a gefen gonata inda ƙasa ta fi mutuwa, ka ɗebi ganye da saiwa cikin akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin bincike. Ba ka taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ranar da matata ta yi doguwar naƙuda, samfurinka ka bari a rana ya lalace, ka kai ta asibiti. Bana ka ce mini an kusa, cikin ire-iren akwai wanda ya yi fice, in damina ta faɗi za a raba wa manoma su gwada. Ka ɗaure kowane iri daban da tsumma mai launi, ka jera su a rumbun gidanku.

Yanzu ga abin da ya faru bayanka. Mutane sun cika gida, baƙi daga ko'ina. Goggo, ƙanwar mahaifinka da ta goye ka, ta buɗe rumbun. Ka san abin da tsofaffinmu suke cewa, wai sadakar da ta fi isa ga mamaci ita ce hatsin da ya noma da hannunsa. Ta sa aka kwance tsummokaran, aka sussuke dawar a turmi ɗaya, aka kai inji. Ranar uku muka ci tuwo. Na ci, Sufyan, har na yaba daɗinsa. Da na fita wanke hannu na ga tsummokara, shuɗi da kore da rawaya, zube a bakin turmi. Na nufi wurin Goggo.

Na tambaye ta a hankali ko akwai saura. Ta ce, "Ɗan dami guda na, mai jan ƙyalle. Zangarkun ƙanana na, shi yas sa nib bar ma kaji." Na karɓe shi kafin kaji su kai gare shi. Na kira abokiyar aikinka, Dakta Remilekun. Ta yi kuka, ta ce ita lambobin ɗakin bincike ta sani, launin tsumma dabararka ce kai kaɗai. Ba ta san ko ja shi ne gwanin ba, ko kuwa wanda ka ware saboda ya kasa.

Ina jin tsoro. Ina tsoron damina mai zuwa kamar yadda ban taɓa ba. Manoman da suka ƙi sayar da gonakinsu saboda maganarka suna zuwa mini gaisuwa, daga ƙarshe su rage murya su tambayi iri. Sai in ce yana nan. Ban yi ƙarya ba, amma ban san abin da ke hannuna ba. Na rataye shi a ɗakina, ina duba shi safe da yamma saboda ɓera da ƙwari. Ruwan farko zan shuka shi a wurin nan da ka durƙusa, in jira ganye ya gaya mini.

Allah ya jiƙanka, Sufyan, ya yalwata kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Bashira da 'ya'yanka, da ɗalibanka, da mutanen Kurgu baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri.

Goggo kuwa har yau ba wanda ya gaya mata, kuma roƙona ga duk wanda ya karanta wannan kada ya gaya mata. Jiya ta riƙe hannuna ta ce tun da aka ci tuwon nan hankalinta ya kwanta, ta san ya iske ka. Na ce amin. Ya Allah, ka kai masa ladan kowace ƙwaya da muka ci, ka sa albarka a wadda kaji ba su samu ba.