Tasar Kakata da Mutanen Wata

Akwai wata tsohuwar tasa a gidana mai lotsawa uku a gindi. Har makon jiya matata tana zuba wa kaji ruwa a cikinta. Duk lokacin da ta gwaru da dutse ta yi ƙarar nan tata mai kaushi, sai in tuna ni na lotsa ta. Bari in gaya maka dalili, ko da yake har yanzu ina ɗan jin kunya.

Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can gefen Bande, malaminmu da muke ce wa mushe ya zo da wani littafi mai hotuna. Ya nuna mana mutum cikin farar riga mai kumburi, kansa cikin wani abu kamar tulu, yana tsaye a ƙasa mai kamar toka. Ya ce a kan wata yake. Ya ce can ba ruwa, ba ciyawa, ba iskar shaƙa, kuma sawun da mutum ya bari ba ya gogewa. Yana cikin bayani aka buga ƙarfen tashi, yara suka watse. Ni kuwa na fito da tambaya a ciki: mutanen da suka je can, sun dawo? Mushe bai faɗa ba, ni kuma tsoron dariyar yara ya hana ni ɗaga hannu.

Tun ina ƙarami ni mai damuwa ne. In na ɗaure akuya, sai na koma sau biyu na duba igiya. Haka na ɗauki mutanen nan a raina, damina guda cur. In na ja guga a rijiya, sai in ce su me suke sha? In an miƙo mini tuwo da miyar kuka, sai in ji kamar na ci rabon wani. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan an gama yankan gero, ana kai dami rumbu a amalanke, gari duk ƙamshin dafaffiyar gyaɗa, sai wata ya fito cikakke bayan magariba. Ba a kai ga lisha ba gefensa ya fara baƙi. Aka ce rana ta kama wata. Maza suka nufi masallaci, yara suka kwashi gwangwanaye suna bugawa don ta sake shi, kamar yadda muka taras ana yi. Ni na shige bayan rumbu ina kuka. A nan kakata, wadda ta haifi babana, ta same ni.

"Maigida, kunama ce?" Haka take kirana don tsokana.

"Kaka, akwai mutane a can. Kan wata. Mushe ya nuna mana hotonsu."

"Mushen naku da jaki ya kayar ranar kasuwa, shi ya san hanyar wata?"

Ta yi dariya, amma da ta ga da gaske nake sai ta daina. Ta daɗe tana duban sama.

"Suna da uwaye?"

"Ina jin suna da."

Ta shiga ɗaki ta sauko da tasar aurenta daga jere, wadda ba a yarda kowa ya taɓa, ta haɗo mini da muciya.

"Ni dai ban yarda ba," in ji ta. "Amma in 'ya'yan wasu ne a can, ba ma zauna ba. Buga."

Na buga. Wata ya koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, na ƙara ƙarfi. Ita kuma ta tsaya kusa da ni tana dukan turmi da taɓarya a hankali, bakinta yana motsi da addu'a. Tafin hannuna ya yi bororo ban sani ba. Sai da farin haske ya ɓullo ta gefe ɗaya, mata suka fara guɗa, sannan na ajiye muciya.

Washegari mushe ya rufe tagogi, ya kunna fitila, ya riƙe ƙwallo da goruba. Ya nuna mana yadda ƙasa ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kansa. Ba kamu, ba saki, inuwa ce mai wucewa. Ranar na daure na ɗaga hannu. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai mutanen sun dawo gida tun kafin a haife ni. Aji ya tuntsire da dariya, ni kuwa ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba.

Na gaya wa kakata, na kuma ba ta haƙuri kan tasa. Ta juya ta, ta shafa lotsawar da yatsa.

"To, uwayensu sun huta," ta ce. Ba ta sake maganar ba har ta rasu.

Yanzu an daina bugun nan a garinmu. Husufin da ya wuce, yara waya suka ɗaga suna ɗaukar hoto, kuma 'yata da ke karatu a Magaria ta faɗa mana lokacinsa tun da saura kwanaki. Makon jiya ta nuna mini a waya cewa za a sake aika mutane wata, har da mace. Idonta yana ƙyalli, ta ce da ma ita ce. Ni ma na ji daɗi, Allah ya sani. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, ruwan zai ishe su? Wa zai dawo da su?

"Baba, an lissafa komai," ta ce tana dariya.

Na yarda. Na san inuwa ce, na san tasa ba ta isa sama. Duk da haka da la'asar na zubar da ruwan kaji, na wanke tasar da toka, na kai ta ɗakina. Matata ta tambaye ni me zan yi da ita. Na ce a nemo wa kaji wani kwano, wannan sai 'ya'yan mutane sun dawo.