Akwatin Baba Kafinta

Baba Kafinta ya fara aiki a makarantar tun tana hannun mishan. Su suka koya masa riƙon zarto, kuma duk bencin da yaran yau ke tsalle a kai, shi ya haɗa shi. Karatu kam, bai wuce ya gane sunansa ba.

Shekarar da gwamnati ta karɓi makarantar, sabon hedimasta ya nuna masa tarin rajistocin mishan, ya ce a kai bola a cinna musu wuta. Baba ya je har bakin bola, ashana a hannu, sai ya kasa. Sunayen 'ya'yan mutane ne fa a ciki! Ya juya shagonsa na bayan ajujuwa, ya haɗa akwati, ya zuba rajistocin a ciki, ya tura shi ƙarƙashin teburin aiki. Kowace damina sai ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Matarsa kan ce, "Malam, akwatin nan ya fi ni samun man shafawa." Yakan yi dariya, amma tsoro bai taɓa barinsa ba: wata rana za a ce ya ɓoye kayan gwamnati.

Saura wata huɗu ya yi ritaya, sabuwar shugaba ta zagayo duba shago, ta yi tuntuɓe da akwatin.

"Baba, mene ne a nan?"

Ya so ya ce ƙusoshi ne, bakin ya ƙi. Shi ke nan, da furfurarsa za a kore shi da sunan ɓarawo. Ya buɗe akwatin, ya faɗi gaskiya tas.

Ta durƙusa tana buɗe rajistocin shafi bayan shafi.

Can ta ɗago. "Ka san tsofaffin ɗalibai nawa na sallama ba komai tun zuwana? Takardunsu sun ɓace, mu kuma ba mu da shaidar sun taɓa zama a nan. Jiya ma wata ta fita tana kuka."

"To... ba kora ke nan, ranki ya daɗe?"

"Wace irin kora? Kabad nake so a ofishina, mai makulli, na ajiye su. Taso mu je ka auna."

Baba ya zauna daɓas a kan wani benci mai ƙafa uku, yana dariya yana share ido.

"Bari in ɗan zauna tukuna, 'yata," in ji shi. "Shekara talatin ke nan ina tsaye."