Ƙunshin Gwaggo Profira

Gwaggo Profira yayar mahaifina ce, kuma duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa wuce Kishinau, babban birnin ƙasarmu, ba. A gonar inabi ta ƙarar da ƙuruciyarta. Bayan rasuwar mijinta ta zauna ita da kaji da masaƙar da ta gada wurin uwarta. Kamar sauran tsofaffin ƙauyenmu, tuntuni ta haɗa ƙunshin mutuwarta ta ajiye a saman kabad: kyandirori, farin yadi, da tawul-tawul da ta saƙa da hannunta, waɗanda ake shimfiɗawa a hanyar maƙabarta. Duk inda aka tsaya da gawa akan shimfiɗa ɗaya a ƙetare shi, don mamaci ya sami gada a tafiyarsa ta can. Ta sha tsokanata da cewa in an shimfiɗa nata a karkace, za ta tashi ta gyara.

Ɗanta ɗaya ne, Anatol, magini a birnin Lisbon, can ƙasar waje. A watan da na karɓi shaidar kammala jami'a ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Matarsa Lilia ta bugo tana kuka, ta ce can za a binne shi, kusa da 'ya'yansa, jibi da hantsi. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta taka kujera ta sauko da ƙunshin, ta zuba shi cikin babbar jaka, ta ƙara da kwalbar ruwan inabin gida da za a zuba a kabari da ƙullin ƙasar bayan ɗakinta. Ni aka ce in raka ta, tunda ina jin harsunan waje.

Mai sayar da tikitin jirgin sama a Kishinau, wata Raisa, ta ce hanya biyu ce ta rage. Ta birnin Biyana, a kwana a filin jirgi, a isa bayan an gama binnewa. Ko ta Istanbul, inda tsakanin saukarmu da tashin jirgi na biyu bai kai awa guda ba. Ta dubi takalman Gwaggo ta ce, “Iya, wancan filin ya fi ƙauyenku girma. Kina iya gudu kuwa?”

“Na kori akuya daga gona tun ba a haifi uwarki ba,” in ji Gwaggo.

Raisa ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce mutum yana gudu, amma jaka ba ta gudu, kuma wannan ba za a bari a shiga da ita a hannu ba, ga girma ga kwalba. Na roƙi Gwaggo mu zare tawul biyu ko uku mu sa a jakar hannuna. Ta ƙi. Limamin cocinmu ya yi wa ƙunshin addu'a a ɗaure, ba a kwance shi sai a gaban gawa. Ta daɗe tana murza bakin ɗankwalinta, kafin ta ce Istanbul. So take ta ga fuskar ɗanta.

Da safe dusar ƙanƙara ta riƙe jirginmu a ƙasa. Ina duba agogo, ita kuwa tana ta motsa leɓe. Da muka sauka Istanbul na riƙe ta muka yi ta gudu, shaguna ba sa ƙarewa, lambobin ƙofofi suna ta nisa. Takalminta ɗaya ya fita, ta ɗauke shi ta ci gaba da safa. Mu ne na ƙarshe da suka shiga. Tana zama, numfashinta bai dawo ba, ta tambaye ni ko jakar ma ta shigo. Na ce ban sani ba.

A Lisbon muka tsaya har kowa ya ɗauki kayansa, bel ɗin da ke kawo jakunkuna ya tsaya. Wata ma'aikaciya ta ce jakar tana Istanbul, za ta biyo jirgin gobe da yamma. Da na fassara mata, Gwaggo ta ce in gaya wa matar cewa ba kayan sawa ba ne. Na gaya mata. Ta ba mu haƙuri.

Gwaggo ta ga fuskar Anatol. Ta gyara masa gashi, ta yi masa faɗa a hankali kan ramar da ya yi. Lilia ta sayo tawul daga kanti, sabbi fil, da takardar farashi a jiki. Gwaggo ta shafa ɗaya ta mayar. Ko ma an so a shimfiɗa su, mota ce ta ɗauki gawar, ba ta tsaya a ko'ina ba. A ƙofar maƙabarta, da maza suka sauko da shi, sai ta tare gabansu. Ta kwance baƙin ɗankwalinta, wanda ita ta saƙa, ta durƙusa ta shimfiɗa a ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin gashinta ba. Fari ne fat, ɗan kaɗan, iska na ɗaga shi. Suka ƙetare.

Jakar ta iso hannunmu washegarin binnewa, ba abin da ya fashe. Gwaggo ta zuba ruwan inabin da ƙasar a kan kabarin, ƙunshin kuwa muka dawo da shi gida. Ba ta mayar da shi saman kabad ba. Ta kwance shi da kanta, kuma duk Asabar takan tsaya bakin titi ta miƙa wa mai wucewa tawul ɗaya da kyandir, da sunan Anatol, sadaka a madadin gadojin da bai samu ba. Mahaifina ya ce mata idan sun ƙare me za a shimfiɗa mata, ga idonta ba ya ganin zare yanzu. Ta ce ita ta san hanya, Anatol ne baƙo.

Ni har yau ba na iya duba jadawalin jirage. Shekaranjiya na je gaishe ta, na tarar saura tawul kaɗan. Ta kama hannuna ta ce, “'Yar boko, ke da kika san harsuna, gaya mini. Wanda ya sami gada ɗaya tak, a ina ake ajiye shi ya jira sauran?”