Mai Sanyi da Motar Malama

Mai Sanyi ake ce masa, amma duk layin gareji babu wanda ya kai shi gumi. Tun hantsi kansa na cikin bonet, hucin inji na dukan fuskarsa, riga ta manne masa a baya.

Da can direban haya ne. Ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari yana ɗan shekara arba'in da biyar, ya je ya koyi gyaran esin mota a hannun wani mai gyaran firiji. Tsofaffin motoci ya fi kamawa, irin waɗanda manyan gareji ke ɗaga wa hanci. Wasu in an kai musu mota gas kawai suke ɗurawa, bayan sati biyu sanyin ya gudu. Shi kuwa sai ya kaɗa ruwan sabulu, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana shafawa har ya ga inda kumfa ke tashi. In mai mota ya ƙosa, sai ya ce, "Yallaɓai, wannan motar ta girme ka. Ba a yi wa tsohuwa gaggawa."

Wata bazara da kwalta ke narkewa, wata malamar makaranta ta shigo da mota mai fentin da ya koɗe. Ta fito tana goge wuya da gefen mayafi.

"Baba, an ce in ka kasa, to babu mai iyawa."

"Sun dai faɗa, 'yata. Me ya same ta?"

Ta gaya masa. Mijinta ne ke wankin ƙoda sau biyu a sati, asibitin kuma tafiyar awa uku ce. Ita ke tuƙa shi. Likita ya ƙayyade masa ruwan da zai sha, ga zafi. In ta sauke gilashi iska ta gasa shi, in ta rufe ya yi ta haki. Ranar Litinin da ta wuce, sau biyu ta tsaya a hanya don ta zaci ya suma.

Mai Sanyi ya tayar da inji, ya kasa kunne, ya taɓa bel. Kwamfireson ne ya ƙone, wato abin da ke tura gas ɗin. Kwana uku yana zaga kasuwar tsofaffin kayan mota, duk inda ya nuna sai a girgiza kai, a ce an daɗe da daina kawo irinsa.

A ƙofar gidansa akwai motarsa, iri ɗaya da ta Malama, wadda ya yi haya da ita tun yana da ƙarfi. Da safiyar kwana na huɗu matarsa ta fito ta same shi a ƙarƙashinta da sifana.

"Baban yara, me kake cirewa?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta kalli ƙafafunsa da suka leƙo waje. Ita ma tana fama da hawan jini, zafi ba ya yi mata daɗi, kuma ya sani.

"To," ta ce. "Matar Mai Sanyi a motar zafi. Maƙwabta sun samu abin dariya." Ta koma ciki ta kawo masa tsumma.

Ya ɗaura kwamfireson motarsa a motar Malama, ya wanke tiyo, ya ɗura gas, ya sa hannu a bakin iska har yatsunsa suka yi sanyi. Da ta tambayi inda ya samo, ya ce Allah ne ya kawo. Ya gargaɗe ta ta riƙa share ƙurar gaban lagireto, kuma kada ta kunna esi sai inji ya ɗan yi gudu.

Bayan wata biyar ta dawo, ita kaɗai, ta rame. Tun kafin ta buɗe baki ya gane. Ya ajiye sifana ya jawo mata benci.

"Ya rasu, Baba. Sati uku ke nan."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata."

"Amin. Ba gyara na kawo ba, motar lafiyarta ƙalau. Na zo ne ka sani, barci yake yi a hanya tun daga ranar. A tafiyarmu ta ƙarshe har cewa ya yi in rage, wai sanyi yake ji. Muka yi ta dariya." Ta rufe fuska tana kuka.

Ya zauna a ɗaya gefen bencin, hannuwansa baƙi ƙirin a kan gwiwa, har ta gama. Bai taɓa ganin mutumin ba, ko sunansa bai sani ba, amma ya ji kamar ƙaninsa aka ɗauke. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa.

Ya ƙara shekara shida yana aiki, har ciwon bayan ya hana shi sunkuyawa gaba ɗaya. Ya bar wa wani bakanike maƙwabcinsa rumfar da kayan aikin. Yanzu yana gida, a kan kujera mai matashi biyu. Masu tsofaffin motoci kan bi shi har can, su tayar da inji a ƙofar gida, ya saurara daga zaune ya gaya musu inda za a duba.