Tseren Mota Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram

Ni da yayata ba mu taɓa iya hira a zaune haka kawai ba. Sai hannunmu na wani aiki bakinmu yake buɗewa. In muna tsinkar zogale, hira. In muna wanke-wanke, hira har kumfa ta bushe. Amma a ce mu zauna mu kalli juna, sai mu yi ta murmushi kamar baƙi a gidan suna.

Mu biyu ne kawai a wurin iyayenmu, ita ta fari, ni auta. Wata Sallah kawunmu, ƙanin Inna, wanda yake gyaran waya a Kano, ya zo Birnin Kudu da na'urar gem ta gwanjo, irin wadda ake haɗawa da talabijin a yi wasa, ya naɗe ta a tsohon zani. Baba ya dube ta ya ce, "Gidan da babu ɗa namiji ka kawo wa wannan?"

Kawu ya ce, "Malam, yatsu ake buƙata. Na duba, kowaccensu tana da goma."

Wasa ɗaya muka riƙe a ciki, tseren mota. Yaya tana tuƙi kamar direban da ya makara zuwa kasuwa. Ni kuwa akwai wata kwana a hanyar, inda titi yake bi ta bakin teku, rana tana shirin faɗawa cikin ruwa. Ban taɓa ganin teku ba. Kullum na iso wurin sai yatsana ya saki totur da kansa, in tsaya ina kallo.

"Auta, tsere ake yi, ba yawon buɗe ido ba!"

Ban taɓa cin ta ba ko sau ɗaya, kuma bai dame ni ba. A wannan zaman, idonmu a kan talabijin, ta ba ni labarin malamin makarantar da take so tun kafin kowa ya sani. A nan ni ma na karanta mata waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafin lissafi, tana gyara mini su tana shan kwana.

Da aka yi bikinta da malamin aka kai ta Gwaram, sai muka koma waya. Gwaram ba nisa ba ce, amma wayar ta mai da ita ƙarshen duniya.

"Ya gida?"

"Lafiya lau. Ya su Inna?"

"Suna lafiya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Daga nan sai shiru, kowa na jin numfashin kowa, har ɗaya ta ce tukunyarta tana ƙonewa. Wata huɗu muna haka. Ina jin wani abu a ƙarƙashin muryarta, amma ban san ta inda zan ɗaga ba. Na fara tsoron kada mu saba, mu zama irin 'yan'uwan da gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Wata Litinin da damina ta kira ni, muryarta a sama kamar da. Wani abokin mijinta ya bar musu na'urar gem irin tamu, da wasan tseren a ciki, amma ranar Asabar zai zo ya ɗauki abinsa. Mijinta ya riga ya haɗa na'urar da sabis ɗin wayarsa. In na haɗa tamu da waifai, motata da tata za su haɗu a titi ɗaya. Sai dai wayar tana makaranta tare da mai ita har la'asar, don haka bayan la'asar kawai za a iya.

"Kwana biyar gare ki, Auta. Kar ki tsaya kallon teku."

Muna da 'yar na'urar waifai a gida, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ta Baba ce, da ita yake tura takardun makarantar da yake shugabanta, kuma ya ba Inna ajiyarta. A ɗakin Inna take kwana take tashi. Tsakanin ɗakin da falo bango ɗaya ne.

Ranar Talata da safe na sami na'urar a kan gadon Inna tana caji. Na kwafe kalmar sirrin da ke bayanta a tafin hannuna da biro, na dawo falo. Wanda bai taɓa rubutu da hannun gem ba bai san haƙuri ba. Kowane harafi sai ka bi shi, dama, dama, ƙasa, ka danna, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kafin in kai rabi gumi ya fara cinye rubutun tafina. A karo na uku talabijin ta nuna an haɗu. Na yi wata 'yar rawa ni kaɗai, na kashe komai don batirin sola ya huta.

Bayan la'asar na kunna, na kira Yaya, na ajiye wayar a kan tabarma yadda zan ji ta. Babu sabis. Ko sunan waifai ɗinmu bai fito ba.

Na ɗaga murya, "Inna, na'urar Baba a kunne take?"

Na ji takunta zuwa ɗaki. "A kunne take. Ga fitilarta nan kore shar."

Tana rufe baki sai ga sunan ya bayyana a talabijin. Na yi ihu, "Ya zo! Yaya, ya zo!" Kafin in shiga wasan ya sake ɓacewa.

Haka aka yi sau huɗu a yammacin nan. In na tambaya, Inna ta je ta duba, sabis ya leƙo, ya koma. A na biyar ta ce ita ba 'yar aike ba ce, kuma miyarta ba za ta kaɗa kanta ba.

Baba yana zaune a ƙofar falo yana jin rediyo. Ya ce, "Duwatsun garin nan ne. Da yamma sukan tare iska." Baba ya daɗe yana ɗora wa duwatsun Birnin Kudu laifi. Su ne suke hana rediyonsa kama tasha, su ne suke sa gwiwarsa ciwo.

Ranar Laraba da safe na gwada, komai lafiya, har na leƙa na ga na'urar a kan gado tana cajinta. Da yamma, babu. Na kira Kawu.

"Kashe ki kunna."

"Na yi, Kawu."

"To goge ki sake sa kalmar sirrin."

Na goge, abin da na yi nadama nan take, don yanzu sai sunan ya fito kafin in iya rubuta komai. Na koma kiran Inna. Ta duba, suna ya fito, in rubuta harafi uku, ya gudu. Kawu yana ta waya yana tambaya ko bangonmu na siminti ne ko na ƙasa, ko akwai firji a tsakani, ko an yi tsawa. A ƙarshe ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin sabis mai jin kunyar yamma ba."

Baba ne ya fara lura. Ya rage rediyo ya ce, "Wai ba ku ga abin nan sai uwarku ta kalle shi yake aiki ba? Ni ma haka nake. Shekara ashirin da wani abu, in ba ta duba ni ba, ba na kamawa."

Inna ta ce daga madafa, "Malam, a gaban yarinya?"

Ni kuwa, Allah ya sani, maganar ta shige ni. Ina da saurin yarda da abu in yana da daɗin ji. A daren nan har na rubuta baiti biyu a kan idon uwa da yake tayar da abin da ya mutu.

Ranar Alhamis na gyara kalmar sirrin da safe. Da la'asar na roƙi Inna ta tsaya a kan na'urar ta yi ta kallonta, kada ta ɗauke ido.

"Ke yanzu da karatunki kike faɗin haka?"

"Minti biyu, Inna. Don Allah."

Ta yi tsaki ta shiga. Sabis ya zo, ya zauna. Na shiga wasan. Sai ga jar mota kusa da tawa a bakin layi, irin wadda Yaya take zaɓa kullum. Ta waya na ji ta ƙwala ihu, "Na gan ki! Auta, wallahi na gan ki!" Aka fara ƙirga, uku, biyu. Inna ta ce tuwonta zai kama. Talabijin ta yi duhu, ta rubuta cewa an rabu.

Can Yaya ta ce, "Ba komai. Bar shi kawai." Yadda ta faɗi "ba komai" ɗin ne ya hana ni cin tuwon.

Juma'a ita ce ranar ƙarshe. An yi ruwa bayan an sauko daga masallaci, ya ɗauke dab da la'asar. Baba bai dawo ba, rediyo a kashe, kajinmu sun fake a ƙarƙashin rumbu. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Na zauna gaban talabijin, babu sabis, na ce a hankali, "Inna, a duba mini sau ɗaya."

Na ji takunta. Sai na ji wani ɗan sauti, ƙwal, kamar cokali ya taɓa kwano. Suna ya fito.

"A kunne take."

Ƙwal. Suna ya ɓace.

Na ajiye hannun gem na tafi ɗakin a guje. Inna tana tsaye gaban kabad ɗin jerenta, tana mayar da wata farar langa mai furanni, wadda aka yi mata jere da ita tun aurenta. Na ce ta buɗe. A ciki ga 'yan kunnenta na gwal a ƙulle cikin hankici, ga takardun haihuwarmu, ga kwalbar turare, ga na'urar Baba a kwance a tsakiya kamar jaririya, fitilarta tana ƙyaftawa.

"Inna! A cikin ƙarfe kike rufe ta?"

"To a ina zan sa ta? Amanar mutum ce. In ta gama shan wutarta da safe sai in bar ta a kan gado, ga danshi, ga ɓera, ga 'ya'yan maƙwabta masu hannu kamar ƙugiya? Duk abin da yake da daraja a gidan nan a langar nan yake. Ke ma da za ki shiga da na sa ki."

Na yi mata bayani cewa abin da na'urar take aikawa yana ratsa bango, amma ba ya iya fita daga ƙarfe mai murfi. Ta dubi langar, ta dube ni. "Yana ratsa bangon da babanki ya gina da bulo, amma murfin langa ya gagare shi? To ba shi da ƙarfin da ake faɗa."

Ba ta yarda a bar ta tsirara ba. Sai da ta ɗora ta a kan faifai, ta lulluɓe ta da hankici mai tsabta, ta kafa mini sharaɗin in mayar da ita kafin magariba.

Na kira Yaya. Dariya ta hana ta magana, tana ta maimaita, "Langa? Farar langar?" Jar mota ta fito. Uku, biyu, ɗaya, ta wuce ni kamar iska, yadda ta saba. Na bi ta a hankali. Na yi niyyar ranar nan ba zan tsaya ko'ina ba, zan yi mata tsere na gaskiya.

Da na shawo kwanar teku sai na ga jar motar a gefen titi, a tsaye. Na taka birki kusa da ita. Sauran motocin suka yi ta wuce mu.

"Yaya, sabis ɗinki ne ya ɗauke?"

"A'a. Ina son in ga abin da kike kallo ne." Sai ta ƙara da cewa, "Ashe da kyau."

Rana tana nan inda take kullum, rabinta a ruwa. Sai ta fara magana, a hankali, irin muryarta ta tsinkar zogale. Mijinta mutumin kirki ne, ba abin da ya rage ta da shi. Amma in ya tafi makaranta gidan yana yin shiru har tana jin ƙarar agogo. Maƙwabta suna da fara'a, sai dai har yanzu amarya suke ce mata, ba wanda yake tsokanarta. Rannan ta yi miyar kuka ta zuba kwano huɗu, sai da ta gama ta tuna su biyu ne. Ta zauna ta yi kuka a kan kwano biyun da suka yi saura, sannan ta yi wa kanta dariya.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"A waya? Bayan ya ruwa?"

Wasan ya gaji da mu, ya rubuta cewa mu ne na ƙarshe, mu biyun. Muka sake wani, muka sake tsayawa a wurin. Sai da na juya na ga Inna a bakin ƙofa da tsintsiya, tana share wurin da ta riga ta share. Yaya 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kuma tambayar lafiyarta a gaban mutane. Da muka haɗa ido, ta wuce.

Washegari da safe na tarar da farar langar a kan tabarma, an ɗaure ta da ɗankwali. 'Yan kunne da takardu sun koma wani kwanon. Na ɗaga ta na ji nauyi, ƙanshin dambun nama yana fita ta gefen murfi.

Inna ta ce, tana kallon wani wuri, "Ki kai wa waccan ta Gwaram. Babanki ya ce ba abin da kike yi a gida sai ɓata masa batir, ki yi mako biyu. Langata kuma a dawo mini da ita."

"Na'urar Baba fa, ina za ta kwana?"

"Na samo mata ƙwarya."

Na shiga bas da langa a cinya. Hanya duk ta yi kore, gero ya kai ƙugu, duwatsun da Baba yake zargi sun yi wanka suna sheƙi. Na yi ta kallo, ba wanda ya ce in yi sauri.

Na isa na tarar mai gem ya riga ya zo ya ɗauki abinsa. Muka gaisa da Yaya, muka zauna, muka fara murmushin nan namu na baƙi. Sai ta tashi ta shiga madafa, ta fito da tire cike da zogale, ta dire shi a tsakaninmu.